Tiyatar Mutum-mutumi Ko Ta Hannu: Wacce Ta Dace Da Majinyacin Gaggawa?

Mutum biyu ne suka fi samun kansu cikin wannan tsaka-mai-wuya. Na farko shi ne ɗan uwan majinyaci da aka kai wani babban asibiti a Indiya ko Masar ko Dubai, ciwon ciki ya taso masa bagatatan, aka miƙo takardar amincewa aka ce za a iya yi masa aiki da na'urar mutum-mutumi idan iyalinsa za su biya ƙarin kuɗi. Na biyu shi ne shugaban asibiti ko mai riƙe da kasafin kuɗin lafiya da ake yi wa tallan na'urar, yana tunanin ko za ta rage mace-mace a sashen gaggawa. Tambayarsu ɗaya ce, kuma amsarta ta rataya a kan halin da majinyaci yake ciki a lokacin da aka shigo da shi, fiye da sabuntar kayan aiki.

Zaɓin guda uku ne, domin abin da ake kira tiyatar da aka saba kashi biyu ce. Akwai buɗe ciki, inda likita zai tsaga fata ya sa hannunsa ya yi aiki yana gani da idonsa. Akwai tiyatar kyamara, inda ake huda ƙananan ƙofofi masu faɗin milimita 5 zuwa 12, a hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki domin ya buɗe, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana tsaye yana kallon allo. Da wannan hanyar Kurt Semm ya cire afendis a birnin Kiel na Jamus a 1980, Erich Mühe kuma ya cire maɗaciya da ita a 1985. Ta ukun ita ce ta mutum-mutumi, wadda a haƙiƙa tiyatar kyamara ce da aka ɗora kayan aikinta a kan hannuwan inji. Na'urar ba ta yanke shawara kuma ba ta motsi da kanta. Likita ne yake zaune a kujerar sarrafawa a gefen ɗaki, ya sa kansa cikin madubin kallo, yana juya hannuwan da yatsunsa da ƙafafunsa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical na jihar Kalifoniya, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000. Daga baya aka samu Versius daga Ingila, da Hugo ta kamfanin Medtronic, da SSi Mantra daga Indiya.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lokaci: minti nawa ake buƙata daga yanke shawara zuwa isa ga wurin da ke zubar da jini ko wurin da ya fashe. Na biyu shi ne ko jikin majinyaci zai ɗauki hanyar, domin hura iska cikin ciki da karkatar da gado suna takura zuciya da huhu. Na uku shi ne haɗarin aikin kansa, wato yiwuwar yanka abin da bai kamata ba, ko tilasta komawa buɗe ciki bayan an fara. Na huɗu shi ne murmurewa: zafin ciwo, ruɓewar rauni, kwanakin kwanciya, da abin da zai biyo baya shekaru masu zuwa. Sai kuɗi, sai ƙarkon kayan aiki da dogaronsu ga wuta da injiniya, sai kuma samun ƙwararrun ma'aikata a kowane lokaci, domin ciwon gaggawa bai san dare ko ranar hutu ba.

Buɗe ciki

Ta fuskar sauri babu hanyar da ta kama ƙafar wannan. Ƙwararren likita yana iya shiga cikin ciki cikin 'yan mintoci, ya kwashe jinin da ya taru, ya cusa manyan ƙyallayen tiyata a kusurwoyi huɗu na ciki domin danne zubar jini, ya matse jijiya da yatsunsa har likitan sa barci ya samu damar ƙara wa majinyaci jini. Wanda mota ta buge saifarsa ta fashe, ko wanda aka harba a ciki, ko mace da cikin wajen mahaifa ya fashe mata har jininta ya yi ƙasa tana suma, duk wannan ce hanyarsu. Likitocin rauni suna tsoron abubuwa uku da ke haɗuwa su kashe mai zubar da jini: sanyin jiki, da tsamin jini, da gazawar jini wajen daskarewa. Kowane minti da aka ƙara a kan gadon tiyata yana ƙara musu ƙarfi. Shi ya sa tun 1993, lokacin da Michael Rotondo da abokan aikinsa a Filadelfiya suka bayyana tsarin taƙaita aiki, ƙa'idar ta zama a tsayar da jini, a toshe inda ƙazanta ke fita daga hanji, a rufe ciki na wucin gadi, a kai majinyaci sashen kulawa ta musamman, sannan a dawo a kammala gyara bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan tsari da hannu ake yin sa.

Akwai kuma abin da hannu ke ji wanda allo ba ya nunawa. Likita yana bin hanji tun daga farkonsa har ƙarshensa tsakanin yatsu, ya ji inda ya yi tauri, ya ji bugun jijiya, ya gane naman da ya ruɓe wanda ba zai riƙe ɗinki ba. Idan hanji ya toshe ya kumbura ya cika ciki, babu sararin da kyamara za ta gani, kuma ƙarfe mai tsini na iya huda shi tun wurin shiga.

Farashinta a jikin majinyaci yake fitowa. Doguwar tsaga tana da zafi, tana hana numfashi mai zurfi da tari, abin da kan jawo ciwon huhu ga tsofaffi. Rauni ya fi saurin yin mugunya, musamman idan abin cikin hanji ya zuba. Wani lokaci ɗinki yakan warware, kuma bayan watanni ko shekaru ƙaba na iya fitowa a wurin tabon, ko hanji ya manne da juna ya sake toshewa. Kwanciya a asibiti ta fi tsawo, komawa aiki mai nauyi kuma yakan ɗauki makonni.

A kuɗin kaya ita ce mafi araha nesa ba kusa ba. Almakashi da matsai da maƙatai na ƙarfen da ba ya tsatsa ana wanke su a dafa su a tukunyar tururi, su yi shekaru suna aiki. Idan wuta ta ɗauke ana iya ci gaba da fitilar goshi kafin janareto ya tashi. Kowane likitan tiyata da ya kammala horo ya iya ta.

Tiyatar kyamara

Ga majinyacin da jininsa bai faɗi ba, wannan ita ce hanyar da manyan asibitocin duniya suka fi bi a ciwon afendis da kumburin maɗaciya, kuma ana ɗinke fashewar gyambon ciki da ita idan an zo da wuri kuma ramin ƙarami ne. Ciwo ya fi sauƙi, rauni ba ya yawan ruɓewa, majinyaci yakan tashi ya yi tafiya da wuri. Tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: idan hoto bai nuna musabbabin ciwo ba, musamman ga matashiya mai ciwon mara inda afendis da ƙwan mahaifa kan rikita likita, ana iya leƙawa ta ƙaramar huda a tabbatar ba tare da an tsaga ciki a banza ba.

Iyakarta biyu ce. Iskar da ake hurawa tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, tana kuma tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama. Mai lafiyar zuciya ba ya jin komai, amma wanda jini ya zube masa ko guba ta shiga jininsa yana iya rikicewa nan take. Iyaka ta biyu ita ce kayan aikin miƙaƙƙu ne, ba su da wuyan hannu, don haka ɗinki a lungu mai zurfi yana da wuya, kuma a nan ne ake yawan fasawa a koma buɗe ciki. Kayan kyamara da allo da injin hura iska sukan ci dubban daloli masu yawa, amma ba su kai ko kusa da kuɗin mutum-mutumi ba, kuma da yawa daga cikin kayan aikinta ana wankewa a sake amfani da su.

Tiyatar mutum-mutumi

Abin da na'urar ta ƙara a kan tiyatar kyamara na gaske ne, ba talla kaɗai ba. Likita yana ganin cikin jiki da zurfinsa kamar yana ciki, an ƙara girman hoton har kusan ninki goma. Bakin kowane kayan aiki yana lanƙwasawa yana juyawa fiye da wuyan hannun mutum. Na'urar tana tace rawar hannu, tana kuma mayar da babban motsin yatsu ƙaramin motsi a cikin jiki. Likitan yana zaune, kafaɗarsa ba ta gajiya ko da aikin ya ɗauki awanni. A ɗinkin hanji, ko gyaran ƙabar da ta maƙale, ko aiki a can ƙasan ƙugu ga mutum mai ƙiba, waɗannan abubuwa suna da tasiri.

Wani bincike da mujallar JAMA Surgery ta wallafa a 2024, wanda ya duba aikin gaggawa sama da miliyan ɗaya a asibitocin Amurka daga 2013 zuwa 2021, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki da mutum-mutumi ba a cika komawa buɗe musu ciki ba idan aka kwatanta da masu tiyatar kyamara. A cire maɗaciya bambancin kashi 1.7 ne da kashi 3 cikin ɗari, a yanke babban hanji kuma kashi 11.2 da kashi 25.5. Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai ya kamata a karanta shi da hankali, domin likitoci ne suka zaɓi wanda za a kai wa na'urar, kuma a al'ada ba a kai mata majinyacin da ke dab da halaka. Lokacin da aka yi gwaji a kan masu ciwon dajin dubura 471, aka raba su tsakanin kyamara da mutum-mutumi ta hanyar jefa ƙuri'a ba da zaɓin likita ba, a binciken ROLARR da aka wallafa a 2017, bambancin komawa buɗe ciki tsakanin hanyoyin biyu bai kai matsayin da za a kafa hujja da shi ba, ga shi kuma aikin da aka tsara ne tun da wuri, ba na gaggawa ba.

A ɗaya ɓangaren akwai sakamakon da bai kamata a ɓoye wa iyalin majinyaci ba. A 2023 mujallar JAMA Surgery dai ta wallafa nazarin tsofaffi sama da miliyan ɗaya masu inshorar gwamnatin Amurka ta Medicare da aka cire wa maɗaciya tsakanin 2010 da 2019. Yankan bututun ɗaci da ya kai ga sake tiyata ya faru ga kashi 0.7 cikin ɗari na masu aikin mutum-mutumi, alhali a tiyatar kyamara kashi 0.2 ne. Wannan rauni ba ƙarami ba ne. Yana iya jawo babban aikin gyara, da shawara mai dawowa, da lalacewar hanta. Shekarun da aka nazarta su ne shekarun da likitoci da yawa ke koyon na'urar, don haka akwai yiwuwar sabuntar hannu ta taka rawa. Ko da haka ne, darasin a fili yake: ƙwarewar likita a tiyatar kyamara ba ta komawa kan na'urar kai tsaye, sai ya sake koyo.

Wani raunin shi ne rashin jin taɓi. A galibin na'urorin da ke aiki yanzu likita ba ya jin ƙarfin da yake ja da shi, da ido kawai yake ƙiyastawa, alhali naman da ya kumbura da ciwo yana yagewa cikin sauƙi. Sabuwar da Vinci 5, wadda aka amince da ita a Amurka a 2024, ta zo da kayan aiki masu isar da wani abu na wannan ji zuwa hannun likita, amma asibitocin da suke da ita kaɗan ne tukuna.

A kan lokaci ne na'urar ta fi faɗuwa. Kafin a fara sai an lulluɓe hannuwanta da ledar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a turo ta kusa da gado, a haɗa kowane hannu da bututunsa, a daidaita kyamara. Ƙungiyar da ta saba tana yin haka cikin sauri, amma wadda aka tara da ƙarfe uku na dare ba lalle ta zama ita ba. Idan babbar jijiya ta ɓalle ana cikin aiki, likitan yana nesa da gado ba tare da safar hannu ba. Dole a zare kayan aiki, a kwance hannuwan inji, a janye na'urar, shi kuma ya sa riga da safa kafin ya tsaga. Asibitocin da suka san abin da suke yi suna atisayen wannan janyewa akai-akai, kuma iyali suna da haƙƙin tambaya ko ana yin sa. Ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya, a takardar matsayarta da aka wallafa a 2022, ta taƙaita amfani da na'urar ga majinyatan da aka zaɓa da kyau, waɗanda jininsu ya daidaita, a hannun ƙwararrun da suka samu horo.

Kuɗinta mai nauyi ne ta kowace fuska. Sayen da Vinci yakan kama daga kusan dala miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu da rabi, kwangilar gyara da kulawa kuma ta haura dala dubu ɗari a kowace shekara. Kayan aikin da ake ɗaura wa hannuwanta suna ɗauke da ma'ajin lissafi da ke ƙirga sau nawa aka yi amfani da su. Da yawa suna daina aiki bayan amfani goma ko sama da haka kaɗan, komai kyan da suke da shi a ido. Saboda haka kowane aiki yana zuwa da ƙarin kuɗin da ba ya raguwa ko da an gama biyan kuɗin na'urar. Tana kuma buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai faɗi, da injiniyan kamfani da zai iso idan ta tsaya. Wani nazari na 2016 kan rahotannin matsalolin na'urar da aka kai wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka daga 2000 zuwa 2013 ya ƙirga matsaloli 10,624, daga ciki 8,061 lalacewar na'ura ce, 1,391 rauni ga majinyaci, 144 kuma mutuwa, a cikin ayyuka sama da miliyan 1.7. Adadin bai yi yawa ba idan aka auna da yawan ayyukan, amma ya isa ya nuna cewa kayan buɗe ciki dole su kasance a shirye a ɗakin.

| Ma'auni | Buɗe ciki | Tiyatar kyamara | Mutum-mutumi |
|---|---|---|---|
| Saurin isa ga matsala | Mafi sauri | Matsakaici | Mafi jinkiri |
| Majinyacin da jininsa ya faɗi | Ita ce hanya | Ba ta dace ba | Ba ta dace ba |
| Ɗinki a lungu mai zurfi | Ya danganta da girman tsaga | Da wuya | Ta fi sauƙi |
| Jin taɓi | Cikakke | Kaɗan | Babu a galibin na'urori |
| Zafi da ruɓewar rauni | Sun fi yawa | Kaɗan | Kaɗan |
| Kwanakin kwanciya | Sun fi yawa | Kaɗan | Kusan ɗaya da na kyamara |
| Kuɗin kaya | Ƙanƙani | Matsakaici | Mai yawa ƙwarai |
| Ƙarkon kayan aiki | Shekaru | Mai kyau idan ana kulawa | Amfani ƙididdigagge |
| Samun ma'aikata da dare | Kusan ko'ina | Manyan asibitoci | Asibitoci ƙalilan |

Wa ya dace da wacce

Majinyacin da ke zubar da jini, ko wanda jininsa ya faɗi saboda guba ta bazu, ko wanda hanjinsa ya kumbura ya cika ciki, buɗe ciki ne nasa, kuma duk wata tattaunawa a kan na'ura a wannan hali ɓata lokaci ne mai tsada. Iyali kada su ɗauki doguwar tsaga a matsayin alamar cewa an yi wa ɗan uwansu aiki mai araha.

Mai ciwon afendis ko kumburin maɗaciya da yake cikin hayyacinsa, jininsa daidai, tiyatar kyamara ta wadatar da shi. A ganina biyan ƙarin kuɗin mutum-mutumi a irin wannan aiki ba shi da hujja mai ƙarfi, domin tabon ɗaya ne, kwanciyar kusan ɗaya ce, ga kuma sakamakon 2023 da ya kamata ya sa mutum ya yi taka-tsantsan.

Inda na'urar ta cancanci a saurare ta shi ne aikin da yake na gaggawa amma yana iya jiran 'yan awanni, majinyaci bai rikice ba, kuma aikin yana buƙatar ɗinki mai wuya: ƙabar da ta maƙale a bangon ciki ko a tantanin ƙirji, yanke wani sashe na babban hanji, ko aiki a ƙugun mai ƙiba wanda tsaga za ta yi masa wahalar warkewa. Ko a nan ma sai an yi wa likita tambayoyi uku kai tsaye: sau nawa ya yi wannan aikin da na'urar, ko ma'aikatan da ke bakin aiki a wannan lokacin sun saba da ita, da kuma ko jiran na'urar zai jinkirta aikin. Idan likitan da ke nan ya fi ƙwarewa da kyamara ko da hannu, hanyar da ya ƙware a kai ita ce mafi aminci ga majinyaci.

Ga mai riƙe da kuɗin asibiti kuwa, lissafin ya fi fitowa sarari. Na'urar tana mayar da kuɗinta ne ta ayyukan da aka tsara masu yawa, irin na mafitsara da na mahaifa da na ciwon daji. Asibitin da yake da wannan cunkoso zai iya faɗaɗa ta zuwa wasu ayyukan gaggawa da rana bayan ma'aikata sun goge. Sayen ta domin sashen gaggawa kaɗai kuskure ne. A asibitocin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda yaran da taifot ya huda musu hanji sukan iso bayan kwanaki da fara ciwo, ciki cike da mugunya, jiki ya bushe, abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da jini a ma'ajiya, da likitan sa barci, da buɗe ciki a kan lokaci. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutane biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma sa buɗe ciki da fiɗar haihuwa da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje a matsayin ayyuka uku da ake auna asibiti da su. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25 kan majinyata 11,422, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa yiwuwar mutuwarsu bayan tiyata ta ninka ta matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa sun fi ƙuruciya, kuma galibin mutuwar a kwanakin da suka biyo bayan aikin take faruwa, a ɗakin kwanciya inda ma'aikatan jinya da na'urorin sa ido suka yi ƙaranci. Asibitin da yake wannan matsayi, kuɗin na'ura ɗaya zai fi yi masa amfani idan aka zuba shi a ma'ajiyar jini, da iskar oksijin, da wutar da ba ta yankewa, da gadajen kulawa ta musamman, sannan a sayi kayan tiyatar kyamara a horar da likitoci biyu ko uku a kansu.